Wakili ya karɓa maka aure a Zariya, ga abin da za a tambayi amarya a Legas

Wani ɗan'uwa daga Teksas ya rubuto: "Malam, na zama ɗan ƙasar Amurka. An ɗaura mini aure a Tudun Wadan Zariya shekara ɗaya da wata takwas da suka wuce ina nan, baffana ne ya karɓa mini. Bayan wata biyu na je gida na yi sati uku. USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ta amince da fom ɗin I-130 na neman a kawo matata, fayil yana hannun NVC, cibiyar da ke tattara takardun biza. Iyalina tana tsoron intabiyun bizar, ga ta da kunya. Me za mu shirya?"

Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka a auren. Wannan sati ukun da ka ambata a gurguje, shi ne ginshiƙin maganarka gaba ɗaya. A wurinmu waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an biya sadaki a gaban shaidu, aure ya ɗauru ko ango yana bangon duniya. Dokar shige da fice ta Amurka kuwa ba ta lissafa auren da aka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wuri ɗaya ba, sai in sun tare bayan ɗaurin. To kai ka je, alhamdu lillahi. Abin da ya rage shi ne ka nuna ka je: hatimin shiga da fita a fasfonka, tikitin jirgi, hotunan walima da na cikin gida tare da iyayenta da naka. A wanke hotunan a takarda, domin ba a shiga ofishin jakadancin Amurka da waya. Ta kuma riƙe ranaku biyu a kanta ba tare da ta cakuɗa su ba, ranar ɗaurin aure da ranar da ka sauka Zariya.

Sai takardu. Kafin komai ta baje su a tabarma ta duba suna da ranar haihuwa ɗaya bayan ɗaya. Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. A fasfo Aisha Muhammad, a NIN Aishatu Mohammed, a takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya ta NPC kuma wata shekarar daban. A gyara yanzu, kafin ta cike DS-260, fom ɗin neman bizar ƙaura. Takardar aure in da Larabci ko Hausa aka rubuta ta, tana buƙatar fassarar Turanci mai sa hannun mai fassara. Ga takardar 'yan sanda ta shaidar hali, ga gwajin lafiya, wanda ba a karɓa sai daga likitan da ofishin ya amince da shi, ko da kuwa kuna da ɗan'uwa likita a asibitin Shika. A ɓangarenka akwai I-864, alƙawarin ɗaukar nauyinta. Kuɗin shigarka ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya, da takardun harajinka. In bai kai ba, an yarda ka samo wani mazaunin Amurka, ɗan ƙasa ko mai girin kat (katin zama na dindindin), ya tsaya tare da kai.

Ba ka ce ko ka taɓa aure ba, amma zan faɗa saboda masu karatu. Sakin baki ba ya shiga fayil, sai an je kotu an samo takarda. Wanda kuma yake da uwargida da igiyarta, Amurka ba ta san mata ta biyu ba. Kada wani dillalin biza ya ce a ɓoye. Ƙarya a gaban jami'i tana jawo haramcin shiga ƙasar na har abada, kuma amaryar ce za ta ɗauki wannan tabon.

Yanzu kunyar. Na taɓa zaunar da wata yarinya daga Ƙofar Doka muna gwaji, na ce mata mene ne sunan mijinki. Ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi, da ƙyar ta ce "Yaya". Tarbiyya ce mai kyau, ni ma ina girmama ta. Amma jami'in da ke bayan gilashi bai tashi a Zazzau ba. Matar da ta kasa faɗin sunan mijinta kuma ta ƙi kallonsa, abin da zai zo masa shi ne auren takarda ne. Saboda haka ku riƙa gwaji a kiran bidiyo. Ta faɗi cikakken sunanka da ƙarfi har bakinta ya saba, da garin da kake, aikin da kake yi, yadda kuka haɗu, wanda ya karɓa maka auren. In haɗin iyaye ne ta ce haɗin iyaye ne, ba laifi ba ne. Abin da ba ta sani ba ta ce ban sani ba. Kada ka rubuta mata amsoshi ta haddace kamar karatun allo, ana ganewa. In Turanci yana mata nauyi, ku rubuta wa ofishin tun da wuri a kan batun tafinta.

Bizar ƙaura a ƙaramin ofishin jakadanci na Legas ake yin ta, a Victoria Island, don haka ku tanadi masauki da ɗan rakiya. Ba dole ba ne ka zo. In aka miƙo mata takarda mai lamba 221(g) kada hankali ya tashi, sau da yawa wata takarda ake nema ko ƙarin bincike, kuma tana da shekara ɗaya ta kai abin da aka nema.

Ka sa ido a shafin ofishin jakadancin, domin ƙofar nan tana buɗewa tana rufewa. A 2020 an dakatar da bizar ƙaura ga 'yan Najeriya, aka ɗage a Janairun 2021, a ƙarshen 2025 kuma aka sake saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Kada ka sayi tikiti, kada ta bar aiki ko karatu, sai biza ta hau fasfo. Jinkirin ma yana da ɗan amfani a gare ku: in aurenku ya cika shekara 2 kafin ta shiga Amurka, girin kat na shekara 10 za a ba ta. In bai cika ba, na shekara 2 ne mai sharaɗi, sai kun cike fom ɗin I-751 na cire sharaɗin cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare.