Tun da na fara digiri na uku malamaina suka juya min baya

Assalamu alaikum Anti,

Ni shugabar wata makarantar sakandare ce a Agege da ke Legas, shekarata bakwai a kan kujerar. Bara na fara digiri na uku a fannin shugabancin makarantu. Wahalar da nake sha Allah kaɗai ya sani. In tashi aiki in faɗa motar haya ta danfo, gosulon Oshodi ya cinye min awa biyu, in dawo bayan isha'i in zauna da littafi har ƙarfe ɗaya. Duk don wa? Don makarantar nan ta ci gaba.

Amma malamaina sun canza min. Da tare muke cin abinci a ofis, yanzu ina shiga ɗakin malamai hira za ta mutu. A taro ba mai cewa uffan sai "to Hajiya". Mataimakina da na ɗauko da hannuna, an ce shi ke kirana "Dakta" a bayan idona ana dariya. Ko takardun tambayoyin bincikena da na raba musu kan yadda suke ganin shugabanci, na ce kowa ya sa suna kada su ɓace, cikin 24 guda 5 suka dawo. Hassada ce Anti, mace ta yi gaba, shi ke nan. Maigida ya ce in yi haƙuri, ni kuwa haƙurin ya ishe ni. Wallahi hassada ce. Ya zan yi?

'Yar'uwarki daga Agege

Wa alaikumus salam 'yar'uwa,

Ban ji ta bakin malaman ba, kuma ban ce babu hassada ba. Amma ni a wurin takardun nan na tsaya.

Ke ce mai rubuta rahoton aikinsu, sannan kika miƙa musu takarda su faɗi ra'ayinsu kan shugabanci, wato a kanki, su kuma sa suna. Malamin da mai gidan haya ke jiran kuɗin shekara a dunƙule daga hannunsa, shi zai rubuta "Hajiya ba ta saurarenmu" ya rattaba hannu? Su 19 da suka yi shiru ai sun ba ki amsa, kuma tsoro ne ya rufe musu baki. Ƙa'idar bincike ita ce a sakaya sunan mai amsa, a bar shi ya ƙi in ya ga dama. Na tabbata an koya miki wannan a aji.

Ku ma shugabannin makarantu da kuka koma karatu, ku ji ni: kada ku maida waɗanda abincinsu ke hannunku kayan gwaji. Kuna karanta yadda ake shawara da malamai, kuna dawowa kuna yi musu lacca.

Ki yaga takardun a gabansu, ki ce da bakinki kin yi kuskure. Ki roƙi malamin jami'ar da ke duba aikinki a maida binciken makarantun Mile 12 ko Idi-Araba, inda ba kowa a ƙarƙashinki. Mataimakin nan kuwa ki kira shi ku biyu, ki tambaye shi me ya ga ya canza a tare da ke tun bara, kada ki katse shi har ya gama.