Yadda dafe goshi ɗaya ya zagaye duniya

Tambaya: Malam, yarana sun cika turo mini hoton wani dattijon Bature da ya rufe fuska da hannu a bayan Donald Trump. Wane ne shi, kuma yaya aka yi ɗan motsi irin wannan ya zama abin barkwanci ko'ina? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Hajiya, dattijon nan Dakta Anthony Fauci ne, wanda ya shugabanci cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta Amurka daga 1984 zuwa 2022. Ranar 20 ga Maris 2020, ana taron manema labarai kan korona a fadar White House, sai Trump ya yi wa ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa shaguɓe, wai akwai masu zagon ƙasa a cikinta. Fauci na tsaye a bayansa. Ya sunkuyar da kai, ya kai hannu fuska, kyamara kuwa na kansa.

Abin da ya fara ba hoton ƙarfi shi ne wurin da aka ɗauke shi. A irin wannan taro kowa kan ɗaure fuska, an tsara komai, har inda kowa zai tsaya. To da zarar fuskar wani ta kuɓuce masa, sai 'yan kallo su ɗauka sun leƙo abin da ke zuciyarsa. Ga shi kuma a makonnin ne likitoci ke ta jan kunne a daina taɓa fuska, sai ga babban likita ya taɓa tasa a idon duniya. Wannan kaɗai ya ishi masu neman abin dariya.

Sauran aikin 'yan Twitter ne. Wani ya yanko daƙiƙun, ya zubar da abin da ya gabata da wanda ya biyo baya, wani ya ɗora rubutu, wani ya mai da shi sitika. Daga nan hoton ya daina zama na Fauci. Wanda aka ɗauke wa wuta ana tsakiyar wasan ƙwallo zai iya tura shi, ko sunan mutumin bai sani ba. A ganina nan ne sirrin yake: motsin da ba ya buƙatar tafinta shi ke yin nisa. Shi kuwa Fauci, da mujallar Science ta tambaye shi a lokacin ko ya sha suka kan motsin, cewa ya yi ba zai ce komai ba.

Mu ma mun ga irinsa a Abuja. A Yulin 2020, Godswill Akpabio, lokacin yana ministan Neja Delta, ya shaida wa kwamitin Majalisar Wakilai cewa 'yan majalisa na cikin masu cin kwangilolin NDDC, hukumar raya yankin Neja Delta, shugaban zaman ya shiga roƙonsa da "off your mic", wato ya kashe makirfo. Har yau idan wani ya fara tonon silili a majalisar shayi, da ita ake tare shi.