Amsa ga mai Prelude ɗin da ke shan baƙin mai

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Wallahi ina karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, kamar ni na rubuta. Ka ce motarka Honda Prelude ta 1999 tana shan baƙin mai tana hayaƙi, bakanike ya ce a sauke inji, kana son sanin nawa kaya da kuɗin aiki za su ci, ko kuwa gara ka sayi injin Beljiyam. Tawa ta 1998 ce, injinmu ɗaya, H22, kuma da wannan kalmar ta "a sauke" aka fara cina.

Kada ka ba kowa makulli tukuna. Da safe ka sa yaro ya tayar, kai ka tsaya bayan salansa. In hayaƙin shuɗi ne, ya fito ya ɗauke bayan 'yan mintuna, galibi robobin bawul ne suka bushe, aikin sama ne, inji yana zaune a wurinsa za a yi. In kuwa sai ka taka ne yake turnuƙewa, to zancen ringin fistin ya taso. A gwada matsin kowace silinda da agogon gwaji kafin a kwance ko noti ɗaya. Ni ba wanda ya gaya min wannan.

A 2022 ne. Na kai ta wurin wani a garinmu nan gefen Gumel, mutumin da uban ɗakina ya haɗa ni da shi, ina ce masa Baba don girmamawa. Ya leƙa ya ce, "Ai wannan Honda ce, Honda duk Honda ce, na yi Hala da Bebi Boi sun fi ɗari." Muka yi 40,000 kuɗin aiki, ni ina murna na sami sauƙi. Ashe cikin silindar H22 ba ƙarfen da ya saba gani ba ne, wani haɗi ne Honda ta yi da alminiyam da zare, ba a gurzarsa da dutsen da ake gurzar na Accord, wato su Hala da Bebi Boi. Shi kuwa ya ɗauki bulok ya kai aka gurje, ya zuba ringin da ya samu a kasuwa. Sati 2 hayaƙi ya dawo ya fi na da. Na koma, ya ce inji sabo ne, sai ya zauna. Ya zauna a ina?

Ba ma wannan ne ya fi ƙona min rai ba. Na ba shi kuɗin bel guda 2, don injinmu bel biyu gare shi, na taimin da ƙaramin na balansa, na ba shi na abin da ke ɗaure bel ɗin da na famfon ruwa. Ya sa bel sabo, ya mayar da tsohon maɗauri, kuɗin ya shiga aljihu. Ranar wata Lahadi na ɗauko Inna daga asibiti a Kano, dama da ƙyar ta yarda ta shiga, wai motar da sai an durƙusa kamar za a shiga akurki. Mun kusa Gujungu ana kiran magariba, na ji ƙas, mota ta mutu. Ranar kasuwa, mutane cike da titi. Tsohuwa ba lafiya, ta zauna a kan tabarmar wani mai rake tana jan carbi, ba ta ce min uffan ba, gara ma da ta zage ni. Na kira Baba sau 9. A na goma ya ɗauka ya ce yana wurin ɗaurin aure. Wata akori-kura mai ɗauke da awaki ce ta ja mu da igiya, bamba ta tsage a kan tudun rage gudu. Har yau in na ji warin bunsuru ranar nake tunawa.

Bel ya tsallake haƙori, fistin ya daki bawul, cikin 16 guda 8 sun lanƙwashe. Da na tunkare shi a gaban yaransa, cewa ya yi gudu nake yi da yawa. Mutumin da na yi wa ɗansa kayan sallah! Dattawa suka ce in bar wa Allah, na bari, amma ba na bin layin garejinsa.

Batun kuɗi, duk wanda ya faɗa maka farashi a nan ba tare da ya leƙa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano cikin satin nan ba, hasashe yake. Tun da dala ta tashi daga wajen 460 a tsakiyar 2023 ta haye 1,500 a farkon 2024, lissafina na da ya zama tarihi. Ni dai bijimi na kai Maigatari ranar Alhamis, kuɗinsa bai isa ba sai da na ƙara buhun riɗi 3. Kuɗin hannu shi ne ƙarami a ciki. Ka lissafa jan mota zuwa Kano, mai wayarin, baƙin mai sau biyu, gaskit, da kuɗin motarka na zirga-zirga, ni na yi sawu 6.

In Beljiyam za ka saya, je da ƙafarka, ka goge gaban bulok kusa da giya ka ga an buga H22A da idonka. Za su lallaɓa ka da injin Bebi Boi, F23, ya fi araha kuma kayansa ko a Haɗeja za ka samu. Yana zama, amma doki 150 ne a madadin kusan 200, wannan kukan da take yi in juyin inji ya haura 5,000 a minti ka yi bankwana da shi. Wani lokacin ina cewa da shi na sa na huta. A rubuta kwanakin garanti a takarda. Kaya ka saya da kanka, tsofaffin kuma a zuba maka a buhu ka tafi da su gida. Rabin kuɗin aiki sai ka yi sati kana hawa. Kuma don Allah kar a cire tamosta da sunan zafin Arewa, lagireto za a wanke.

Uwargida har yanzu "kishiyata" take ce wa motar. Ka kwance fulogi huɗun nan ka jera su yadda suke a inji, ka ɗauko hoto ka turo mu gani. Kuma a lita nawa take shanyewa daga juye zuwa juye?