Kan sunan da za a rubuta wa motarka

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na yi dariya har innarka ta leƙo tana tambayar ko lafiya. Wai ka sayi a-kori-kura, mahaifiyarka ta ce sai an yi sadakar ƙosai an rubuta mata "Albarka" a goshi, kai kuma kana tambaya ko ƙarfe ya san suna. Amma fa abin ya ɗan dame ni. Mu da, wa ya isa ya ce wa uwarsa "me ya sa"?

Ina ɗan shekara goma Baba ya tafi da ni Ibi sayo busasshen kifi. Binuwai ta fara janyewa, sai ga jirgin ƙarfe mai hayaƙi ya taso daga wajen Yola cike da gyaɗa. Ban taɓa ganin abu mai girmansa yana motsi ba, na riƙe rigar Baba gam. Yana busa ƙaho yana taƙama, sai ji muka yi gurrr, ya hau rairayi ya kafe. Kwana uku yana nan. Masu kwalekwalen da igiyar ruwansa ta saba jijjigawa su suka yi ta sauke masa buhuna har ya yi sauƙi ya taso. Tsohon da ya fito da mu, wanda ba ya tura jirgi sai ya yi bisimilla ya miƙa wa almajiri ɗan abin hannunsa, ya dube ni ya ce, "Yaro, ruwa ba sa'an kwando ba ne." Baba ya ƙara da cewa ba don jirgi ake sadaka ba, don mai jirgin ya tuna shi ba kowa ba ne.

Sai da na zama malamin makaranta na san cewa sunan da uwarka ta zaɓa ya riga ka hawa ƙarfe. A 1832 wani Bature, Macgregor Laird, ya taso daga Ingila da ɗan jirgin ƙarfe mai tururi, da bindigoginsa, ya shigo Kwara. Sunan jirgin Alburkah, kalmarmu ce suka ara suka karkata ta. Jirgin ya kai har Rabba a ƙasar Nufe. To, cikin Turawa 48 na tafiyar, 9 kaɗai suka tsira, yawanci zazzaɓi ya kwashe su.

Wansa kuwa, John Laird, ya ƙera wa Kamfanin Gabashin Indiya na Turawan Ingila wani jirgin ƙarfe a 1839, aka sa masa Nemesis, sunan wata gunkiyar ramuwar gayya ta Girkawa. Ka ji mugun suna! Ya bar Ingila a Maris 1840, ya kewaye ƙasan Afirka, jikinsa ya tsage a hanya aka ɗinke, ya isa Sin a Nuwamba. Gindinsa ƙafa shida kawai yake nitsewa, don haka yana kutsawa cikin ƙoramun da manyan jiragen katako ba sa shiga. Ran 7 ga Janairu 1841, a Chuenpi da ke gaɓar kudancin Sin, roka ɗaya da ya harba ta faɗa ma'ajiyar albarushin wani jirgin yaƙin Sinawa, ya tarwatse da mutanen ciki. Sinawa suka ce jirgin shaiɗan ne. Duk wannan kuwa don a tilasta musu cinikin ofiyom, ƙwayar da ke kashe musu 'ya'ya. Daga baya an kai shi yaƙi tsibirin Borneo da ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau.

Na san za ka ce, to ga shi Kawu, mai mugun suna ya ci nasara, mai Albarka ya kwashi gawa. Haka ku yaran yanzu kuke, komai sai kun ɗora a sikeli. Ni dai ban ga albarka a nasarar nan ba, kuma na tabbata babu wanda ya ciyar da almajiri ko ɗaya kafin a tura su ruwa.

Ka kawo motar ran Juma'a in ga birkinta. Ka taho da wake mudu biyu, innarka ta ce ita za ta soya.