Amsa: Akwai ranar tunawa da 'yan yaƙin Bama?

Malam, ka tambaya ko ana tuna kakanninmu da suka yi yaƙin Bama (Burma, wato Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu. Ana yi, sai dai sama-sama. Sojojin Ghana suna bikin ranar Myohaung, garin da runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka ƙwace daga hannun Japanawa a Janairun 1945. 'Yan Arewa ne da yawa a cikinsu, har Hausa ta zama harshen bariki. Mu a Najeriya an haɗe 'yan mazan jiya duka a 15 ga Janairu, ranar ƙarewar yaƙin basasa a 1970. Barikin Chindit na Zariya ma daga can ya samo suna, wato daga Chindit, wata rundunar Birtaniya ta musamman da ta yi yaƙi a Bama, amma tambayi yaran Sabon Gari ka ji.