Kiki Yana Zamewa, Sitata Tana Juyawa A Banza

Ɗana, ka tambaye ni game da babur ɗin nan ƙirar da, mai silinda ɗaya, wanda aka bar maka gyara. Ka ce idan ka taka kiki wani lokaci yakan kama, wani lokaci kuma sai ya zurma har ƙasa kamar babu komai a ciki, kuma idan ka danna sitata sai ka ji tana juyawa da ƙara alhali inji bai motsa ba, don haka kana so ka kwance akwatin giya ka sauya duk abin da ke ciki. Ka ajiye sifana tukuna, domin ƙafarka da kunnenka za su gaya maka inda ciwon yake kafin ka kwance noti ko ɗaya.

A babura irin tsohuwar Royal Enfield Bullet da BSA da Norton na Ingila, ƙarfin ƙafarka ba ya isa ga inji kai tsaye. Yakan shiga akwatin giya, ya bi ta kuloci, sannan sarkar da ke tsakanin kuloci da inji ta juya fistin. Kana iya tabbatar da haka da kanka: ka matse hannun kuloci ka taka kiki, za ka ga ya tafi wayam. Saboda haka kulocin da ya gaji yana iya sa kiki ya zame ko da kikin lafiyarsa lau, kuma nan ne masu gaggawa suke ɓata lokaci da kaya.

Ka saurari yadda zamewar take. Idan kuloci ne, sandar kiki takan sauka a hankali da ɗan nauyi, kamar ka taka laka, babu wani sauti, kuma ta fi yin haka daidai lokacin da fistin ya zo wurin matse iska. Ka fara da wayar kuloci, ka ga ko an ɗaure ta tamau; ya kamata a bar mata wasa na milimita 2 zuwa 3 a hannu. Ka tambayi mai babur irin baƙin man da yake zubawa, domin wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya da ke sa farantan kuloci santsi, shi ya sa ake neman mai alamar JASO MA ga kulocin da ke wanka cikin mai. Sai bayan wannan za ka duba faranti da sifirin.

Idan kuwa zamewar farat ɗaya ce, ka ji ƙas, ƙafarka ta daki ƙasa har gwiwa ta amsa, to wannan ɗan ƙarfen nan ne mai kamar harshe da ke bakin sandar kiki daga ciki, wanda wani ƙaramin sifirin yake turawa ya sarƙe haƙoran giya. Bakinsa yakan cinye ya zama dakusasshe, ko sifirinsa ya mutu, sai ya riƙa tsallake haƙora. Idan ka buɗe, ka sauya shi tare da sifirinsa, ka kuma bi haƙoran da farce ka ji ko sun kwanta, don sabon harshe a kan cinyayyun haƙora ba ya daɗewa. Amma kafin ka buɗe, ka ja layi da alli daga kan sandar waje zuwa kan ƙarfen da take riƙe da shi, ka taka sau biyu ka duba. Idan layin ya rabu, sandar ce take juyawa a kan ƙarfen, aikin kuwa bai wuce ɗaure noti ko sauya sandar ba. Kikin da ba ya komawa sama da kansa, wannan babban sifirin mayarwa ne ya karye, ba ya buƙatar dogon bincike.

Maganar sitata ita ce ta fi damuna. Idan ƙas kawai kake ji ba ta juyawa, ka nemi laifin a batir, ko kawunan waya da suka yi tsatsa, ko makunnin da ke tura mata wuta. Amma taka tana juyawa, inji ne bai bi ta ba, wannan kuwa alama ce ta ɗan kulocin nan mai kamawa ta gefe ɗaya, wanda yake riƙe inji lokacin tayarwa, ya sake shi da zarar ya tashi. Wannan kaya ba kasafai yake lalacewa haka kawai ba. Abin da ke kashe shi shi ne inji ya yi tutsu ya buga baya, wato wuta ta kama tun fistin bai kai ƙololuwa ba, ƙarfin fashewar ya mayar da shi inda ya fito. Bugun da ke cilla ƙafar mutum sama a kan kiki, shi ne yake farfasa kulocin sitata, kuma shi ne yake cinye harshen kiki. Ganin duka biyun sun lalace a babur ɗaya ya sa nake zargin tushensu guda ne.

Na taɓa sauya wa wani mutum wannan kuloci har sau biyu cikin ƴan watanni, ina ta zargin ingancin kayan, ashe taimin ne, wato lokacin da wuta ke kamawa a cikin inji, ya yi gaba da yawa, ni kuma ban auna ba. Don haka ka auna taimin da abin da littafin babur ɗin ya ce, kuma idan babur ɗin mai kwantak ne irin tsohuwar Bullet, wato ɗan makunnin da ke buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta, ka daidaita buɗewar bakin kwantak ɗin tsakanin milimita 0.35 da 0.40 kafin ka taɓa taimin ɗin. Ka auna batir kuma: cikakke yakan nuna kusan bolt 12.6 a zaune, idan kuma ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da kake danna sitata, to ba shi da ƙarfin tsallakar da fistin, sai inji ya tsaya a wurin matsi, wuta ta kama, ya dawo baya.

Idan ka gama, ka nuna wa mai babur yadda ake tayar da shi. Ya sa giya a firi, ya taka kiki a hankali har ya ji ya yi tauri, ya ja ɗan hannun sakin matsi ya ƙara takawa kaɗan don fistin ya wuce ƙololuwa, ya saki hannun, ya bar sandar ta dawo sama, sannan ya sauke nauyin jikinsa gaba ɗaya har ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba tare da ya murɗa mai ba. Gobe da safe ka fara da gwajin alli da awon batir, ka kawo mini abin da ka gani kafin ka zubar da man akwatin giya.