Dalilin saukar matuƙin jirgin sama a shekara 65

Kawu, bayan gaisuwa ta girmamawa, ga bayanin da ka nema game da maƙwabcin nan namu da na ce maka ya ajiye tuƙin jirgin sama alhali yana da sauran ƙarfinsa. Na fahimci mamakinka, domin a wurinmu shekaru daraja suke ƙara wa mai sana'a, kuma ni ma farkon zamana a Amurka na ɗauka rashin adalci ake yi wa irinsa.

Babu laifin da ya yi. Doka ce ta tanadi cewa duk matuƙin da ke aiki da manyan kamfanonin jiragen fasinja, ranar da ya cika shekara 65 ba zai sake tashi da jirginsu ba, ko da likita ya tabbatar lafiyarsa ƙalau. A da ma iyakar shekara 60 ce, tun daga 1960 har zuwa Disambar 2007 da majalisar dokoki ta ɗaga ta, bayan hukumar ICAO mai tsara ƙa'idojin sufurin sama na duniya ta yi hakan a 2006. Abin da ake gudu shi ne ciwon da ke zuwa farat ɗaya, kamar bugun zuciya, da raguwar saurin tunani wadda mai ita ba ya lura da ita. Shi ya sa tun daga shekara 40 kyaftin ke zuwa gaban likita duk wata shida.

Akwai kuma abin da ba a hango shi daga nesa. A nan, ranar da kamfani ya ɗauki matuƙi ita ce ke yanke masa komai: girman jirgin da zai tuƙa, kujerar kyaftin, har da zaɓin ranakun hutu, don haka sai na sama ya sauka na ƙasa ke matsawa. Wannan na cikin abin da ya raba kan matuƙa lokacin da aka nemi a kai iyakar shekara 67. Majalisar wakilai ta amince a 2023, amma ƙungiyar matuƙa ta ALPA ta ƙi, tana cewa wanda ya haura 65 ba zai iya ketarawa da jirgi zuwa wasu ƙasashe ba, kuma kwamitin majalisar dattawa ya yi watsi da batun a 2024.

A ganina, Kawu, dokar tana kare mutuncin dattijo ta wata fuska, domin ba a jira ranar da za a kira shi a ce masa ya gaza, ko da yake har yanzu ina jin takaicin ƙwarewar da ake asara. Ranar tafiyar maƙwabcin namu ta ƙarshe iyalinsa na cikin jirgin, motocin kashe gobara suka tarbe shi da feshin ruwa ta dama da hagu, kamar yadda aka saba. Yanzu yana horar da matasa a na'urar kwaikwayon tuƙi, aikin da dokar ba ta hana shi ba.